Tagogin Ajin Malama Zinnira

A shekarar da aka ƙaddamar da shari'a a Kano, kwamitin wata Islamiyya a Getso ya lura cewa shekara goma sha ɗaya ke nan yara maza da mata suna karatu a zaure ɗaya. Babu wanda ya taɓa kawo ƙara, amma shugaban kwamitin, Alhaji Sharfaddeen, ya ce rashin ƙarar ma abin tsoro ne. Aka yanke shawarar raba zauren biyu.

Siminti ya yi tsada, katakon gaske ma haka. Sai aka sayo katakon kamfani daga Kano, irin wanda ake kwaɓa garin katako da gam a matse. Aka ɗauko Dabo kafinta daga Kabo.

Dabo ya shinshina ɗaya, ya kawar da kai.

"Alhaji, wannan ɗanye ne, gam ɗinsa bai gama hucewa ba. A jingine shi a inuwa ya sha iska ko sati uku ne, in shafe bakinsa da fenti, sannan a kafa. In ba haka ba, da zafi ya buge shi zai riƙa fitar da yaji."

"Ranar Alhamis manya za su zo daga Gwarzo su buɗe. Ka taɓa ganin an gayyato manya kallon katako yana shan iska?"

"To a bar tagogi a buɗe."

"Na maza a buɗe suke. Na mata hanya suke kallo."

Aka buga wa tagogin mata ƙusa. Da sauran katakon aka yi musu silin, don kada muryarsu ta tsallaka. Manya suka zo, suka tsaya a ɓangaren maza, suka yaba.

Malama Zinnira ce da ajin mata, ɗalibai arba'in da shida. A sati na biyu, da rana ta take, idanunsu suka fara ruwa, maƙogwaro ya kama ƙaiƙayi. A na uku yarinya ɗaya ta yanke jiki ta faɗi tana tsakiyar biya hadda. Malama ta sami Alhaji.

"Baba, don Allah ka shigo ka zauna minti goma kawai."

"Subhanallahi! In shiga ajin mata? To don me muka raba?"

Ya tsaya daga nesa da ƙofar, ya ja numfashi da kyau, ya ce shi bai ji komai ba. Sauran 'yan kwamitin duk maza ne, suka tsaya inda ya tsaya, suka ji abin da ya ji.

Da faɗuwar ta kai yara biyar, kwamiti ya tabbatar aljanu ne. Aka kawo wata mai ruƙiya, ta rufe ƙofa, ta turara habbatus-sauda. Huɗu suka ƙara faɗuwa. Alhaji ya ce ai ga hujja nan ta fito.

Washegari Malama ta aro guduma a maƙwabta, ta zare ƙusoshin da hannunta. Kwana uku babu wadda ta faɗi. A na huɗu kwamiti ya zauna a kanta, bisa laifin buɗe wa 'yan acaɓa 'ya'yan mutane.

"Tun da na buɗe, wa ya faɗi?" in ji ta daga bayan labule.

"Malama, ba a kan faɗuwa muka zauna ba," in ji Alhaji.

Aka gode mata bisa hidimar shekara goma sha ɗaya, aka yi mata addu'a mai tsawo, aka sallame ta.

Da ta zo kwashe littattafanta, ta tarar da Dabo a kan benci, ƙusoshi a baki, yana sake rufe tagogin.

"Malam Dabo, kai ma?"

Ya cire ƙusoshin. "Na faɗa musu, Malama, sau biyu. In na ƙi, wani za su kira, shi ko ratar yatsa ba zai bari ba."

Ya nuna mata 'yar ratar da ya bari a gefen kowace taga. Kafin la'asar Alhaji ya sa an cushe ta da takardar siminti.

Malamar da aka kawo a madadinta ta fahimci aikin tun ranar farko. A bakin ƙofa take ajiye kujerarta, inda iska ke kaɗawa, ta riƙa biya wa yaran daga can. Har yau ba ta taɓa kai ƙarar komai ba.