Rakiyar Aishat Gaban Kwamiti

Aishat, jikar Goggo Mairama ta Nassarawo a Mubi, aikinta rubuta manhajar kwamfuta. To, a yaren kwamfutar da take aiki da shi akwai yadda ake ƙara wa abin da wani ya gina sabon aiki ba tare da an taɓa ginin ba. Sai dai hanyar doguwa ce, kowane layi sai ka sake kiran sunan abin. Aishat ta fito da gajeriya: a kira sunan sau ɗaya a sama, ayyukan su biyo a ƙasa. Kwamitin yaren, mutanen ƙasashe daban-daban, suka ce ta kare shawararta ta bidiyo. Lokaci kaɗan suka ba ta, in ba su gamsu ba an rufe maganar.

Goggo na jin haka ta ɗaura ɗankwali.

"Gaban kwamiti ke kaɗai, kamar marar dangi? Gidan nan ko asibiti ba a zuwa babu rakiya."

"Goggo, a ɗakina fa zan zauna."

"To, a ɗakin za mu raka ki."

Ranar zaman kuwa, dangi na Sahuda suka bar gona, na Muchalla suka hau acaɓa, ɗaki ya cika har bakin ƙofa. Dennis, shugaban kwamitin, bai gama cewa a fara ba Goggo ta turo fuskarta gaban kwamfuta.

"Sannu da aiki, yaro. Ina gajiya? Yaya mamanka? Ke, gaya masa."

Aishat ta fassara. Adi, ƙanwar Goggo, ta ce ita ma ba dutse ba ce, ta gaishe su ɗaya bayan ɗaya da Fulatanci. Kawu Bobboi ya ce ba a fara magana babu addu'a, kuma addu'ar Kawu ba ta sauri. Da ƙyar Aishat ta nuna misali guda lokaci ya ƙare.

Dennis ya tambaya ko akwai mai goyon baya. Dangi suka ga ana shirin tashi, duk suka ɗaga hannu suna bankwana.

Bawan Allah ya ƙirga hannaye. Ya ce bai taɓa sanin yarensu yana da jama'a haka a Mubi ba. Za a gwada shawarar, amma zama na gaba duk wanda ya ɗaga hannu zai faɗi yadda ta sauƙaƙa masa aiki.

Aishat ta kifa kai a tebur.

"Me ya ce?" in ji Goggo.

"Sun karɓa. Wai ku dawo."

"Ai tun da na gan shi na san yaron nan yana da tarbiyya."