Abin da Ba a Faɗa wa Suruka

Malam Hammanjoda ya sake kau da kai daga cokalin. Kunun ya gangaro ta gefen bakinsa da ya karkace, Aisatu ta goge masa da bakin mayafinta, idonta a ƙasa. Tunda ta auri ɗansa Auwal ba ta taɓa kiran sunan tsohon ba, ba ta taɓa kai loma baki a gabansa ba. Ga shi yau ita kaɗai ce a bakin gadonsa a ɗakin maza na asibiti, tun ranar da hawan jini ya shanye masa ɓarin jiki.

Shi kuwa Auwal, tunda aka ƙirƙiro Jihar Taraba ya samu kujera a sabuwar sakatariya, ganinsa ya yi wuya. Ya biya magani, ya kawo matarsa jinya, a ganinsa ya gama sauke hakkin uba.

Sista Lucy ta iso da sauri, gadaje sun yi mata yawa.

"Madam, Baba ya yi kashi yau?"

Aisatu ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. A gaban surukinta!

"Eh," ta ce a hankali.

Sista ta wuce gado na gaba. Kullum haka ake tambaya, kullum haka take amsawa.

Tsohon yana jin su, har yana gode mata a ransa. Lokacin da yake kiwo a dajin garin Mutum Biyu, 'ya'yan cikinsa ma ba su san sa'ad da yake zagayawa ba. Yanzu a ce matar ɗansa ce za ta ɗaga masa zane ta tura fo? Sai ya riƙe. Idan abin ya taso ya cije, gumi ya karyo masa, har ya lafa. Ya rage cin abinci. Ya zuba wa ƙofa ido yana jiran namiji nasa, kaɗaici na cinsa a ɗakin da ke cike da mutane.

*

Ranar Juma'a Auwal ya leƙo, babbar riga tana ƙamshi, da gasasshiyar kaza a leda.

"Baba, ya jiki? Ai Alhamdulillahi, har na ga ka yi ƙiba."

Ciki ne ya kumbura a ƙarƙashin bargo.

"Auwal," tsohon ya ce da nauyin harshe. "Tsaya."

Aisatu ta gane. Ta miƙe ta fita don ta ba su wuri, zuciyarta ta yi sanyi karo na farko. Ba ta kai ƙarshen baranda ba ta ji takun mijinta a bayanta.

"Ki dinga matsa masa ya ci abinci. Ana jirana."

"Don Allah ka koma. Akwai abin da kai kaɗai za ka yi masa."

"Mene ne?"

Ta buɗe baki, kunya ta riƙe maganar.

"To, gobe," in ji shi, ya nufi mota.

*

Ran da tsohon ya fara amai mai wari, Likita Simeon ya yaye bargon ya danna cikin, ya ji shi tauri kamar ganga.

"Yaushe rabonsa da bahaya?"

"Madam ta ce kullum," in ji Sista Lucy.

Aisatu ta fashe da kuka. "Tunda muka zo bai yi ba."

Likitan ya mayar da bargon. Hanji ya toshe, jikin kuma ba zai ɗauki tiyata ba. Aka sa masa roba ta hanci, aka ɗaura ƙarin ruwa. Kafin la'asar Allah ya karɓi abinsa.

*

A gidansu na unguwar Barade aka yi masa wanka. Aisatu tana bayan katanga wajen murhu, tana jin muryar Goni, limamin unguwa.

"Auwal, kai ne ɗa. Sa hannu ka matsa cikin a hankali, haka ake yi."

Abin da tsohon ya yi ta riƙewa ya fara fita. Sai ta ji kukan mijinta, irin wanda ba ta taɓa ji ba.

"A ƙaro ruwa," Goni ya ce.

Ta miƙa bokiti ta kan katangar. Ba ta koma ta zauna ba aka sake cewa a ƙaro.