Fuskar da Ke Bakin Marmaro

"Ba za ka kai hoton nan ba," in ji Thelma. "Wanmu ko kwana goma bai yi a ƙasa ba."

Ƙanenta Clifford bai ɗago ba. Hoton na kife a cinyarsa. Shi ya ɗauke shi shekara arba'in da suka wuce: bukkokin kwano a bakin marmaro, ga babban wansu tsaye da hular kiwo, yana dariya da wawulo. Bayan wata biyu Baturen da ke da garken shanu ya sa katafila ta share wurin.

"Yaya, jibi alƙalin filaye zai zauna. Masu riƙe da filin sun ce ba mu taɓa zama can ba. Wannan kaɗai ke ƙaryata su."

"To faɗa musu. Bakinka ya mutu ne?"

"Tun yaushe muke faɗa? Takarda suke ji."

"Kai da akwatinka mai ido ɗaya. Satar fuskokin mutane, kamar Turawa."

Maganar ta soke shi. Turawa sun jera kakanninsu tsirara, da lamba a ƙirji, sun ɗauki hotunansu sun rataye a gidajen tarihi. Abin da ya sa shi ɗaukar kyamara ke nan, don a ga mutanensa da sunansu. Yanzu, bisa al'adarsu, sunan wansu ya haramta a baki. Tun ranar rasuwar sai Kumanjayi ake ce wa wan nasu, kamar kowane mamaci. An ƙone bargonsa, an share sawunsa da ganye. Fuskarsa kuwa ba mai kallo sai shekaru sun ja.

Clifford ya yanko baƙar takarda ya liƙe fuskar. Thelma ta kau da kai, amma da safe ta bi shi garin Alice Springs, farar ƙasar makoki a goshinta. Ta ƙi shiga ofishin lauya, ta tsaya bakin ƙofa.

Lauyar ta daɗe tana duban hoton.

"Wane ne wannan?"

"Wana."

"Sunansa?"

Clifford ya girgiza kai.

"Ba fuska, ba suna, za su ce ɗan ci-rani ne. Da fuskar, tsofaffi uku za su shaida shi." Ta sa farce a gefen baƙar takardar. "Sau ɗaya ne, a gaban alƙali."

Ya waiga. Thelma ta ba su baya. A hoton marmaron na ƙyalli, ruwan da suka sha tun suna rarrafe.

"In ɓare?" in ji lauyar.