Wake Mai Bille

Duk Utai an san waken Labaran: fari ne sol, amma kusan kowace ƙwaya da zanen baƙi a gefe, sak billen da ke kumatunsa. Ba gonar da ke fitar da shi sai tasa ta bakin hanya.

Shekarar Udoji, da aka fara zancen kwalta za ta bi ta nan, Labaran ya rasu, ya bar 'ya ɗaya, Rahmatu. Wansa Haladu, mutum mai dogon hannu da gajeren tunani, ya je gaban dagaci ya ce gonar tasa ce, marigayi bai taɓa kafa fartanya a cikinta ba. Aka ce Rahmatu ta kawo shaida.

Shaidar kuwa tana rumbun marigayin. Haladu ya kwana uku yana tsince irin ƙwaya-ƙwaya, ya haɗa masu bille a buhu, ya je ya juye su a kogin Wudil. Farare zalla ya shuka, farare zalla ya girbe. Har ƙiba ya yi.

Damina ta biyu ya shuka 'ya'yansu. Da kaka, rana tsaka, ya shiga gona shi kaɗai. Babu iska, amma kwanson wake sai kas-kas yake a bayansa, kamar mutum na biye. Ya ɓare ɗaya. Bille. Ya tsallake tushe uku, ya ɓare na huɗu. Bille. Tsoro ya kama shi.

Ya garzaya wurin malamin gona. Malamin ya yi dariya. "Baba, ai kama ba ta mutuwa. Takan kwanta a ɗa, ta tashi a jika."

Wannan magana ba ta sanyaya masa rai ba ko kaɗan.

Ranar sussuka mata suka taru kamar yadda aka saba, dagaci ma ya biyo wucewa. Indo matar Haladu ta ɗaga ƙwarya ta sheƙe, waken ya zubo kan tabarma da billensa. Waƙa ta tsaya. Kowa ya gane.

Rahmatu ta durƙusa, ta ɗauki ƙwaya ɗaya a tafin hannu, ta dube ta da kyau.

"Sannu da zuwa, Baba," ta ce wa ƙwayar. "Ya ruwa?"

Haladu bai taɓa gaya wa kowa zancen kogi ba.