Rabin Watan Lorraine

Matata Lorraine ta gasa kek ɗin a watan Oktoba, alhali jikanmu Arlo ba zai cika shekara biyar ba sai Maris. Na tsaya a bakin kicin na ce mata ko sarakunan da suka gina kaburburansu da ransu ba su kai ta gaggawa ba. Ta ce in matsa, ina tare mata haske. A lokacin likita ya riga ya gaya mana abin da ya gani a hoton cikinta, kuma ni da ita mun daidaita, ba tare da mun yi magana ba, cewa bai gaya mana komai ba.

Kek mai siffar wata ta yi masa. Yaron ya kamu da ciwon sararin samaniya tun bazara, ba ya kwana sai da hular 'yan sama jannati, kuma ya sa kakarsa ta yi masa alkawarin wata na gaske, dunƙulalle, ba shimfiɗaɗɗe irin na kanti ba. Ta gasa shi a babban kwanon ƙarfe sau biyu, rabi da rabi, don a haɗa su ya zama ƙwallo. Ta naɗe kowanne a leda, ta sauka da su ɗakin ƙasa tana riƙe da bango, ta ajiye a firiza. Ba ta ga sabuwar shekara ba.

Ba kek kaɗai ta bari ba. Ta cika firizar da miya da wake da gasasshen nama, kamar mai shirin tafiya ta mako biyu ta bar wa gidan yaro marar wayo. Na cinye su a hankali cikin hunturu. Na shekara talatin ina koyar da tarihi a sakandaren Duluth, na san yadda ake cin abinci a garin da aka yi wa ƙawanya: kaɗan-kaɗan, ana duban rumbu. Da Fabrairu ya yi nisa, babu abin da ya rage a gidan wanda hannunta ya kwaɓa sai rabi biyun nan. A gefen ɗaya akwai ɗan lotsawa inda babban yatsanta ya danna lokacin da take naɗewa. Kowace safiya ina sauka in ɗaga murfin, in duba, in rufe. Ban ce wannan hankali ba ne.

Sai 'yata Colleen ta kira.

"Baba, kana nan da rai?"

"Ba a sanar da ni akasin haka ba."

"To madalla. Asabar ta sama bikin Arlo. Kai za ka yi masa roka ta zuwa wata. Na samo kwalin firji a wajen maƙwabta."

"Ni na karanta faɗuwar dauloli, ban karanta kwali ba."

"Shi ya sa na ba ka wanda ba zai faɗi ba." Na ji tana jan numfashi. "Kuma ka zo da kek ɗin Mama ranar Juma'a, ya saki kafin in shafa masa sukari."

Na ce zan duba. Ta ce me zan duba. Na ce firizar ta tsufa. Ta ce ni ma na tsufa amma ba a zubar da ni ba.

Duk makon na yi shi a falonta ina yanka kwali. Gidan ya koma kasuwar taurari: baƙaƙen balan-balan, faranti na takarda masu hoton kumbo, ƙananan jakunkuna da za a raba wa yara, don a ƙasar nan yaro ba ya zuwa biki ya tafi hannu rabbana, sai an biya shi ladan cin kek. Colleen ta rataye duniyoyi da zare daga silin. Na nuna mata cewa ta yi duniyarmu ta fi duniyar nan mai zobe girma.

"Baba, shekararsu biyar."

"A nan ake fara ɓata su."

Arlo na zaune a cikin kwalin tun ban gama huda masa taga ba. Ya leƙo da hularsa a karkace.

"Kaka, kai ba za ka shiga ba. Ka yi ƙato."

"Ko an roƙe ni ba ni shiga. Direban bai iya ɗaure takalminsa ba."

"A wata ba a ɗaure takalmi!"

"A wata babu iska, babu ruwa, babu maƙwabta. Ka tambayar mini ko suna ba da haya."

Ya yi dariya har da faɗuwa, ko da yake ba na jin ya gane. Sannan ya tashi ya ce, da muryar mai ba da umarni, "Watan da Kaka Lorraine ta yi mini zai yi girma kamar kaina. Ta ce kamar kaina." Ya kama hular da hannu biyu ya nuna mini girman. Na ce masa kansa ba abin alfahari ba ne, na ci gaba da yankan kwali.

Ranar Juma'a na sauka ɗakin ƙasa da niyyar ɗauko duka biyun. Wannan gaskiya ne, kuma ba ya canza komai. Na ɗauki ɗaya, na sa hannu kan ɗayan, mai lotsawar, sai hannun ya ƙi. Na hau bene da rabi, na wuce da shi gidan Colleen.

"Ina ɗayan?" in ji Colleen, tana duban bayana kamar zai shigo da ƙafarsa.

"Ledar ta yage. Sanyi ya ƙone shi, ya bushe ƙamas. Na zubar."

Ta dube ni. Idon uwarta gare ta, wanda ke sa mutum ya tuna duk abin da ya ɓoye a aljihu tun yana yaro. Na tsaya ina jiran hukunci. Sai ta karɓi rabin da hannu biyu, ta ɗora a kan katakon yanka, ta ce, "To. Wata ne da ya fito rabi." Ta kwaɓa sukari da man shanu, ta ɗiga baƙin launi har ya koma toka-toka, ta shafe shi, ta riƙa danna bayan cokali tana yin ramuka. Ba ta sake yi mini magana ba sai da ta nemi in miƙo mata tawul.

Arlo ya zo ya zagaya teburin. "Ina ƙasansa?"

"Yana cikin tebur, ya nutse," in ji uwarsa.

Ya yarda. Yara na yarda da komai in dai akwai sukari a kai.

Dokar makarantarsu ita ce in za ka gayyaci ɗaya, ka gayyaci ajin duka, kada wani ya ji an ware shi. Abin da dokar ba ta faɗa ba shi ne kowane yaro zai zo da ƙaninsa, kuma iyayen ba za su tafi ba, za su tsaya jikin bango da kofin kofi suna cewa gidan ya yi kyau. Ƙanƙara ta hana a fita tsakar gida. Kafin a kunna kyandir an karya wa rokata hanci, an tsinko duniyoyi biyu ana ƙwallo da su. Wani uba mai gemu ya kama hannuna ya ce ya ji labarin rashin da na yi, kuma lokaci na warkar da komai. Na ce masa na koyar da lokaci shekara talatin, ban ga wanda ya warkar ba, binnewa dai yake yi. Ya koma wajen kofi.

Aka yi waƙa, Arlo ya hure kyandir da yawu da komai. Colleen ta ɗauki wuƙa. Na ga tana duban yaran, tana duban kek ɗin, tana sake duban yaran. Da dunƙulallen wata ne da ya ishi kowa har a kai wa maƙwabta. Ta riƙa yankawa siriri-siriri, har ana ganin hoton kumbon farantin ta gefe.

Ta miƙo mini nawa tun da wuri. "Ungo, Baba. Kada ka ce komai, ci kawai."

Na ci. Lemon tsami da kirfa, kamar kullum, da ɗan yawan gishirin da na shekara arba'in ina ƙorafi a kai. Na juya na fuskanci taga har na gama.

Da na waiwayo, yanki ɗaya ya rage, yana hannun Colleen. Ta janye jikin firji da shi, ta ɗauki cokali. Sai ga wata uwa ta taho tana jan 'yar ƙaramar yarinya da ke kuka da majina.

"Colleen, yi haƙuri don Allah, ta yar da nata a ƙasa, karenku kuma ya riga mu. Ko akwai saura?"

Colleen ta dubi farantin. Ba ta daɗe ba. "Ga shi, 'yan mata, daina kuka." Yarinyar ta lashe sukarin saman, ta bar sauran a kan kujera, wani yaro ya zauna a kai.

Bayan an watse na shiga kicin in ajiye kofuna. Colleen ba ta ji shigowata ba. Tana tsaye ta ba ni baya, tana danna yatsa a kan katakon yanka, tana tsince ɓurɓushin tana kaiwa baki. Ta bi katakon kusurwa-kusurwa. Sannan ta ɗauki wuƙar ta duba, ta ga an riga an wanke. Na ajiye kofunan a kan injin wanki na fita ta ƙofar baya. A duk watannin nan ina lissafin abin da na rasa, ban taɓa sa ta a lissafin ba, sai ka ce matata ce kaɗai ta mutu, ba uwar kowa ba.

Rana ba ta gama faɗuwa ba na isa gida. Na sauka, na ɗauko rabin, na ɗora a teburin kicin, na bar shi nan. Da safe ledar ta yi gumi, kek ɗin ya saki. Na kira Colleen.

"Ban zubar ba," na ce.

"Na sani, Baba. Kai da ba ka zubar da jaridar bara."

"Kin sani kika yi shiru?"

"Me zan ce? In ƙwace a hannunka?" in ji ta. "Ka bar shi inda yake. Da gaske nake. Ka fi ni bukatarsa."

"Ya riga ya saki. Ba ya komawa."



"Kai dai tsohon nan," ta ce. "Sa ruwan kofi."

Ta zo ita kaɗai, da rigar sanyi a kan kayan barci. Ba mu shafa masa komai ba. Na raba shi biyu, na tura mata babban. Muka zauna muna ci da cokali daga faranti, babu mai duban wani. Gefen ya ɗan bushe, tsakiyar kuma da sauran sanyi har yana kama haƙori. Ta kai rabin nata ta ajiye cokalin, ta rufe fuska da tafin hannu. Na jira. Da ta sauke hannun ta jawo farantin ta ci gaba, ni ma na ci gaba, muna ragewa kaɗan-kaɗan, kowa na satar kallon abin da ya rage a gaban ɗaya.