Katako Shida na Baba

Tun ranar da yayana Shunfa ya ba da hayar gidan kakanninmu na ce masa ya hau bene ya sauko da katakon Baba. Ya ce to. Shi kuwa Shunfa, "to" ɗinsa ba ta taɓa ɗaga ko tsinke ba.

Katako shida ne masu kauri. Shekarar da Baba ya cika sittin ya sare bishiya ɗaya a dutsen bayan ƙauyenmu na Huizhou, aka raba ta biyu, rabi na akwatin gawar Mama, rabi nasa. Mama ta shiga nata shekara tara ke nan. Nasa suna jingine a bene, duk kaka ya hau ya shafe su da mai. Burinsa ke nan a duniya, itace ɗaya ya rufe su su biyu.

Wata Madam Tong daga Hangzhou ce ta karɓi gidan za ta yi wurin shan shayi. Ta zo da mai zanen gini, wani Nie, siriri mai baƙar riga. Wata takwas suna aiki, Baba yana wurina a gari. Suka rushe bangon gabas suka kafa gilashi, tsakar gidan da ruwan sama ke sauka ma suka rufe ta, ɗakin Mama ya koma wurin wanke kofuna.

Ranar buɗewa aka gayyace mu. Nie ya tarbe mu baki har kunne, ya kira Baba.

"Kaka Bao, zo ka gani! Ko ƙusa ba mu yar ba. Duk tsohon katakon gidan nan mun raya shi."

Ya nuna mana wani dogon tebur a tsakiyar zaure. Baba ya ɗora tafinsa a kai, ya bi gefen da yatsa a hankali. Nan na gane katakon akwatinsa ne.

"Guihua, kul ki ce uffan," Baba ya raɗa min. "Na auna da hannu, ba su taɓa tsawonsa ba. Ran da na bar duniya, ku zo ku roƙi matar nan a asirce."

Daga nan kullum da yamma sai ya hau bas ya tafi wurin shayin. Ya zauna a ƙarshen teburin, in shayi ya zuba ya goge da hannun rigarsa. Mako uku ina haɗiye abin nan kamar garwashi. Rannan na bi shi. Na tarar wurin cike, wani ƙato ya dire buta mai zafi kan katakon, Baba ya miƙa hannu zai ɗage ta, sai mai raba shayi ta ce, "Tsoho, ɗan matsa mana, baƙi na ɗaukar hoto."

Ai ban san sanda na buɗe baki ba.

"Ya matsa ina? Gidan ubansa ne! Ku kuma ku sha da kyau, akwatin gawarsa kuke shan shayi a kai!"

Kai, ka ga tashin mutane! Wata mai ciki ta fita tana tofar da yawu, ƙaton nan yana kakkaɓe riga kamar wuta ta kama shi. Nie sai haƙuri yake ta bayarwa, wai shi ɗan birni ne, bai taɓa ganin irinsa ba. Ni kuwa har daɗi na ji, don na ɗauka yanzu dole su ba mu kayanmu.

Washegari da safe na tasa Shunfa gaba da motar ɗaukar kaya. Tun daga bakin gada muka hango hayaƙi. A bayan gida ma'aikata sun gutsuttsura teburin da zarto sun cinna masa wuta, don kore baƙin jinin da ya shiga wurin. Saura toka da guntun da bai fi kamu ba.

"Da kin same ni a gefe, da na ba ki da hannuna," in ji Madam Tong. "Amma kin faɗa a gaban mutum talatin. Wa zai sake shigo min in ba su ga hayaƙi ba?"

Na zage ta, na zagi Shunfa, na zagi Nie har kakansa.

Da muka koma, muka tarar Baba ya share wuri a barandata, ya jera bulo huɗu don kada katakon ya taɓa ƙasa. Ya leƙa bayan motar, ya daɗe yana kallo, sannan ya juyo gare ni.

"Abu ɗaya na roƙe ki, Guihua," ya ce.