Inda Aka Kashe Rikoda

Malam Datti ya zura biro a ramin kaset ɗin ya juya har zaren ya ɗaure, sannan ya tura shi cikin rikoda. Shi ne mai kula da ɗakin ajiyar muryoyi a cibiyar jami'ar da ke binciken tarihin farkon zuwan Turawa. Bana aka yi wa cibiyar sabon gini mai tayil da na'urar sanyaya ɗaki, don kuɗi ya shigo Abuja, amma rikodar nan tasa ce, daga gida yake zuwa da ita.

Baƙon da ke zaune gabansa, Bartholomew, manomi ne daga wani ƙauye a bayan Yangoji. Ya ƙi jingina da kujerar, hularsa na kan gwiwa.

"Oga, ran Litinin katafila za ta shiga filinmu," in ji shi. "Wani kamfani ya ce zai yi estet, wato rukunin gidaje. Kwamitin gwamnati sun ce in akwai shaida cewa kabarin kakanninmu yana wurin tun zamanin Bature, za su bar mana wannan gefe. Ni na san wurin, amma sun ce bakina ba takarda ba ne."

"Kwantar da hankalinka," in ji Datti. "Ni da kaina na yi hira da kakanka shekara goma sha shida da suka wuce. Ga kwanan wata a jiki."

Ya faɗi haka da 'yar taƙama. Ba kullum ake neman ɗakin nan ba. Ko ɗalibai sai jarrabawa ta matso suke tuna hanyarsa.

Ya danna. Aka ji carar zakara, sai muryar Baba Sale, kakan Bartholomew, a dishe amma da ƙarfinta. Yana ba da labarin ranar da ya fara ganin Bature yana yaro, a kan doki, da masu ɗaukar kaya a biye, sun zo ƙirga gidaje. Ya ce mutanen gari sun ɓoye awaki a rafi, awakin suka tona musu asiri da kuka. Ya yi dariya har da tari. Bartholomew ya sunkuyar da kai.

Sai muryar Datti ta ƙuruciya, siririya: "Baba, a ina kuke binne magabatanku?"

"A'a. Kashe abin nan tukuna. Mu ba ma faɗa wa ƙarfe inda iyayenmu suke kwance."

Ƙas! Da muryar ta dawo, zancen haraji take yi.

Datti ya tsayar da rikodar. Ya mayar da zaren baya ya sake sawa, kamar wannan karon tsohon zai canza shawara. Ya janyo littafin da ya yi rubutu a ranar, ya buɗe shafin. Rubutun hannunsa ne, tsaf: An kashe rikoda bisa buƙatar mai magana. Ba a rubuta ba.

Ƙa'idar cibiyar ke nan, kuma ba wanda ya kai shi riƙe ta. Duk shekara da labarin Baba Sale yake koya wa sababbin ɗalibai amana: in tsoho ya ce ka kashe, ka kashe, ka kuma ajiye biro.

"Amma ya gaya maka, ko?" in ji Bartholomew. "Sai ka zo ka faɗa wa kwamiti. Kai ɗan jami'a ne, za su ji naka."

"Ya gaya mini."

"To, shi ke nan!"

Datti ya rufe ido. Ya tuna tabarmar da suka zauna a kai. Ya tuna doyar da aka dafa masa da manja. Ya tuna tsohon ya ɗaga hannu ya nuna wani gefe, amma gabas ne ko yamma, gindin tsamiya ne ko bayan dutse, babu. Da gangan ya ƙi riƙewa a lokacin, don a ganinsa hakan ne cikar amana.

"Wallahi na manta," ya ce. Kunya ta kama shi har bai iya ɗaga ido ba.

"In na nuna maka wurin fa, kai kuma ka ce nan ne?"

"Za su sa ni in rantse da Alƙur'ani, Bartholomew. Ba zan iya rantsewa a kan abin da ban tuna ba."

Na'urar sanyaya ɗakin tana ta gurnani. Datti ya lalubi, a ransa, abin da zai ba mutumin nan a cikin akwatuna arba'in na kaset, bai samu ba.

"Ba laifinka ba ne, oga," in ji Bartholomew a hankali. "Shi ya ce ka kashe. Da ba ka kashe ba, da ya kore ka da sanda."

Ya miƙe ya sa hularsa, ya kai bakin ƙofa, sai ya dawo ya zauna. Wannan karon ya jingina.

"Mayar mini baya kaɗan," ya ce. "Wurin awakin nan, inda yake dariya."